Shuɗin da Ba Ya Jira

Babana Eilif da babban yatsa yake auna hanta.
Ya danna, ya saki, ya jira ta dawo.
In ta yi fari sol, ta cika masa tafi biyu,
sai ya ce, "Aslaug, wannan ta ci ta ƙoshi."
Shekara talatin yana kan tukunyar tururi
a Henningsvær, inda duwatsu ke tsoma ƙafa a teku.
Ƙarnin mai ya shige masa gemu
har sabulu ya haƙura.

Ni aikina a ɗakin sama yake, bayan baƙin labule.
Ɗigon mai, ɗigon ruwan gwaji,
sai shuɗi ya tashi a cikin kwalba.
Ba ya jira.
Kafin ki ƙirga biyar ya kama hanya,
dole ido ya riga shi, hannu ya rubuta lamba.
Bitamin A ke nan yake amsa kira.
Ɗan'uwansa D miskili ne, ba ya magana a kwalba,
sai dai ƙashi ya yi masa shaida:
ƙanena Torleif, da ƙafafunsa suka fara zama baka
a shekarar da rana ta yi wata guda ba ta leƙo mu ba,
cokali ɗaya kullum, yana kuka yana haɗiya.
Yau shi ke hawa tsani yana rataye kifi.

Littafina ya cika da abin da babana ba ya son ji.
Kifin kod da ya sauko daga arewa a Janairu
hantarsa tiɓis, mai kamar da bakin ƙwarya,
amma shuɗinsa tsararo ne,
kunun da aka cika wa ruwa.
Zuwa Afrilu ya zubar da ƙwai, ya rame,
hanta ta motse kamar tsohuwar jaka,
man kaɗan, shuɗin kuwa har ya so ya yi baƙi.
Tsohon kifi ya fi yaro ajiya.
Faffaɗan nan mai ido biyu a gefe guda,
wanda ke kwance a ƙasan teku kamar tabarma,
cokalinsa ɗaya ya kayar da bokitinmu.

Sauran ɓarnar tamu ce.
Hantar da ta kwana biyu a cikin jirgi,
wutar da aka ƙara don a tashi da wuri,
gangar da aka bari baki buɗe tana shan iska,
hasken da ya sato ta taga ya zauna kan kwalba.
Kowanne ya ɗebi rabonsa ya tafi,
man yana nan, nauyinsa bai ragu ba,
sai dai gida ne da mai shi ya yi ƙaura.

Ranar da na gaya masa gangar da yake alfahari da ita
ita ce ta ƙarshe a jerin lambobina,
bai ce uffan ba.
Ya goge hannu a riga, ya fita cikin dusar ƙanƙara.
Na ji kamar na zare masa yatsan.

Washegari kafin tsuntsayen teku su fara rigima
na ji muryarsa a bakin gaɓa
yana faɗa da masunta kan hantar jiya.
Ya rage wuta. Ya toshe ganguna.
Can da hantsi matakala ta yi ƙara,
ga shi a ƙofa, hula a hannu,
mutumin da bai taɓa hawowa nan ba.

Na ɗiga. Shuɗin ya zo.
Daidai nan ya ƙifta ido.

Ya matso da kujera, ya zauna,
ya ce, "Sake."