Ranar da Zarton Ya Yi Shiru

Ranar Talata, ana yayyafi a Huddersfield,
zarton lantarki ya yi tari sau biyu
a tsakiyar ƙofar da muke yanka wa wata makaranta,
ya saki ƙauri kamar ana babbakar akuya,
ya yi shiru.

Shekara talatin da ɗaya yana cin katako.
Ni shida kawai na yi ina ba shi a baki.

Na fara zare waya daga bango,
na kwantar da shi kan benci,
na tara notuna a murfin gwangwanin shayi
kada su yi ƙafa.
Dusa ta daskare a cikinsa kamar tuwon jiya.
Gawayin nan biyu masu shafar zuciyarsa
sun cinye, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Na juya boris da yatsa,
sai gurnani, kamar an zuba masa tsakuwa.

Da a Funtuwa ne, da na saɓa shi a kafaɗa
har rumfar Mantau mai riwaya,
ya sansana, ya ce in dawo bayan la'asar.
A nan mai gyara ya ce fam sittin kuɗin dubawa,
dubawa kawai, ban da taɓawa,
kuma kamfanin ya daina ƙera irin gawayin
tun ɗiyata tana rarrafe.

Na je babban shago.
Ga su nan reras, rawaya, ja, shuɗi,
babu mai wutsiya, duk batir suke sha.
Yaron shagon ya faɗa mini gaskiya:
wanda ya sayi batirin rawaya ya auri dangi,
injin huda, injin goge, injin fira,
duk sai rawaya,
don batirin wannan gida ba ya kwana a wancan.
Na ɗaga ɗaya. Ba nauyi.
Hannuna bai saba yarda da abu marar nauyi ba.
Garanti shekara uku, in ji kwali.
Na yi lissafi a bayan tsohon rasit,
na fito hannu a aljihu.

Lahadi da sassafe, a filin ajiye motoci
inda kowa ke baje tarkacensa daga bayan mota,
na tarar da ɗan'uwansa, matacce, fam takwas.
Na kai shi gida, na feɗe shi,
na ɗebi gawayi da boris
kamar mai rabon gado.
Daren Litinin namu ya tashi
da tsohuwar muryarsa, har taga tana rawa.

Da safe tsoho Firth ya shigo da sandarsa,
shi da ya kafa wurin tun ban san guduma ba.
Ya karkata kunne, ya yi murmushi,
sannan ya ɗaga hannun hagu:
yatsu uku da rabi.
Shi ya ci, ya ce, shekarar da na saye shi.
Ba shi da birki, in ka sake shi sai ya gama gudunsa.
Sababbin nan suna tsayawa kafin ka ƙifta ido.
Bai ƙara ba. Ya dubi Bethan,
'yar koyo, shekara sha bakwai,
tana share dusa da yatsunta goma cif.

Ranar Laraba muka auri rawaya.

Tsohon yana ƙarƙashin bencina, lulluɓe da buhu.
In katako ya yi kauri, sabon ya fara nishi,
kuma Bethan ta riga ta tafi kama bas,
nakan jawo shi, mu biyu, mu gama aikin.
Kafin in kunna nakan ƙirga yatsuna.
In na kashe, na jira ya gama gudunsa,
sai in sake ƙirgawa.