Talatar Abílio

Ruwa na zuba a Porto tun asuba,
tsuntsayen teku sun fake a rufin coci,
ina bayan kanta ina jera kwalabe
sai ƙararrawar ƙofa ta motsa.
Abílio ne, mai gidan burodin gangare,
garin fulawa har cikin girarsa,
takardar likita a dunƙule cikin tafinsa
kamar wanda aka miƙa wa sammaci.

Shekara talatin yana ciyar da unguwa,
yau sukari ya yi masa zaman dirshan a jini,
gwiwoyi na kukan kayan da suke ɗauka.
Ya ce, "Graciete, ni da ke zura hannu a tanda,
wai allura ce ta hana ni barci jiya."
Na ce, ja kujera.

Na ɗauko alƙalamin gwaji, wanda ba magani a cikinsa.
Ya juya shi a hannu
kamar mai auna curin kwaɓi.
Dubi bakin, na ce, bai kai gashin idonka tsawo ba.
Sau ɗaya a mako. Zaɓi rana ka riƙe ta.
Ya daɗe shiru, ya ce Talata,
ranar da Ermelinda kan wanke labule
kafin ƙasa ta rufe mata ido.
Na rubuta Talata a jikin kwali.

Ciki, ko cinya, ko bayan dantse.
Kada ka nace wa wuri guda, fata ma tana da haƙƙi.
Danna, ka ƙirga a tsanake,
ba irin ƙirgen canjin da kake wa 'yan makaranta ba.
Sabuwar allura kowane karo,
tsohuwar ka jefa a wannan roba mai murfi,
in ta cika ka dawo min da ita.
A firji zai kwana, kusa da madara,
ban da gidan ƙanƙara. In ya daskare, ya tashi daga aiki.

Makonnin farko zuciya kan tashi.
Ci kaɗan, rage maiƙo,
sha ruwa ko ba ƙishi.
In ciki ya ce ya isa, to ya isa,
ko da rabin kifi na kallonka daga faranti.
Nan ya ɗago kai.
"Lahadi fa? Yayata Zulmira na dafa kifin gishiri da dankali,
in na rage loma ɗaya sai ta ce na raina hannunta."
Na ce, turo min ita, ni da ita.
Ya yi dariya har fulawa ta zubo a kan tebur.

Amma ji wannan, babu wasa a ciki:
ciwon ciki mai sara har gadon baya,
amai da ya ƙi tsayawa,
kada ka jira burodi ya nuna.
Asibiti.
Kuma tunda kana shan waccan ƙwayar ta safe,
in gumi ya karyo maka, hannu na karkarwa,
sukari ne ya faɗi. Ajiye alewa a aljihun rigar aiki.

Ya sauke murya, ya ce,
"Zan daina son ƙamshin burodi?"
Wannan babu shi a takardar cikin kwali.
Na ce, ban sani ba, Abílio.
Abin da na sani, sannu ba ta hana zuwa:
mako huɗu a ƙaramin awo, sannan ka koma wa likita.

Ya cusa kwalin cikin rigar ruwa, daidai zuciya.
Na ce, firji fa, ba ƙirji ba!
Ya fita yana girgiza kai,
ya bar min burodi a takarda, da ɗuminsa.

Laraba da sassafe na bi ta ƙofarsa.
Ta bayan gilashi mai tururi
ya ɗaga min yatsa ɗaya,
ya koma kan tanda.