Rufi da Godiya

Shekara talatin da ɗaya ina raba kalma a allo:
ma-ka-ran-ta, gaɓa huɗu, ku tafa!
Na yi ritaya, alli ya fita daga farcena,
sai ga Ramlatu ta taso daga Babban Asibiti
da warin magani a hijabinta
da littafin mutanen Norway a jaka.

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nan Rafin Daɗi.
An ɗauke wuta. Fitilar waya a kan turmi.

Ta ce, Baba, ga sunan aikina a can: sykepleier.
Na sa farce na sassara shi kamar rake,
sy-ke-plei-er.
Ta farko, ka tsuke baki kamar mai hura wuta
amma "i" za ka ce.
Ta uku ta ƙi ni.
Baƙi biyu a jere, ba wasali tsakani,
kamar maƙwabta masu gaba da katanga ɗaya.
Harshena ya shiga sulhu, ya ce fi-lai.
Ta yi dariya har ta tada kajin uwarta.

Da muka zo kan tak da takk, sai na gyara zama.
Ja wasalin, rufin ɗaki ne.
Datse shi, ka ce na gode.
Na ce ai wannan namu ne,
garin da ake tuƙawa da garin da ake zama.

Ashe har karin sauti gare su!
Bønder, bønner:
murya ta bi nan, manoma ne,
ta bi can, wake,
kuma waken nan shi ne addu'o'i.
Na ce mutanen da suka zuba wake da addu'a a kalma guda
sun taɓa kwana da yunwa.
Hankalina ya ɗan kwanta.

Ta ƙarshe ita ta karanta: hjem.
Ba a furta harafin farko,
yana dai tsaye a bakin ƙofa, shiru.
Yem.
Na ce me ke nan?
Ta ce gida.
Gaɓa ɗaya ce tak, ban sami inda zan sa farce ba.

Watan gobe jirginta zai tashi daga Kano.
Na ɗaga kai na dubi kwanon ɗakinta
da na yi damina biyu ina cewa zan gyara.
Na ja wasalin.
Ita ta datse shi.