Masu Gadi Biyu, Ƙofa Ɗaya

A shagona na Tudun Wada, daura da Foli,
ƙarƙashin teburin da nake buga wa ɗalibai takardu,
akwai baƙin akwati, nauyinsa kamar dutsen niƙa.
Aikinsa guda ne:
in Nepa ta ɗauke, ya riƙe wa kwamfuta numfashi
minti goma, sha biyu in ya ga dama,
har in adana abin da yatsuna suka wahala a kai.

Shekara uku muna zaune lafiya.
Sai Jatau mai gyara ya zo ran Laraba,
ya zuba sabuwar manhaja, wai ta fi ido,
ya sha zoɓo, ya karɓi dubu biyu,
ya tafi bai sallami tsohuwar ba.

Waya ɗaya ce tak tsakanin akwati da kwamfuta,
siririya kamar tsinken tsire.
Yanzu baki biyu ke tambaya ta cikinta:
Saura nawa? Saura nawa?
Akwati ya amsa wa wadda ta riga,
ta baya ta ji shiru,
ta ɗauki shirun nan mutuwa ce.

Ta hagu ta ce, tamanin cikin ɗari, ci gaba da aikinki.
Ta dama ta ce, babu batir, ba a ma taɓa yin batir ba.
Gobe kuma su yi musanyar baki,
mai bushara ta koma mai shelar jana'iza.
Wace ce ganau, wace ce jiyau?
An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Wanda ya faɗa bai ga tukunyata ba.

Daren Alhamis, ruwan Agusta na dukan kwano.
Asabe Bulus na tsaye a kaina, ta rungume jaka,
gobe ƙarfe tara za ta tsaya gaban malamai.
Babi na huɗu, shafi goma sha tara,
duk lissafin kaji da kuɗin dusa.
Wuta ta ɗauke.
Akwati ya yi ƙara, ɗit, ɗit, kamar kullum,
na ce mata, kwantar da hankalinki, muna da minti goma.
Ban rufe baki ba allo ya yi baƙi.
Ta dama ce ta yanke hukunci, ba ta nemi shaida ba.
A ƙasa kuwa koriyar fitilar akwati na ci,
ko ƙiftawa ba ta yi.

Asabe ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.
Ta jawo benci, ta buɗe littafinta, ta fara karanto mini daga farko.
Muka tayar da janareta da man da na ɓoye wa Asabar,
muka gama ana kiran assalatu.

Na kira Jatau, yana cikin cunkoson Kawo.
Ya ce, ai sai ki cire ɗaya.
Wace? Ya ce, wadda ke ƙarya.
Layi ya tsinke.

Na cire mai ihu, na bar mai daɗin baki.
Amma zuciyata ba ta kwanta ba.
Ran Lahadi, shago ba kowa,
na zare filogi da hannuna, na kafa wa agogo ido.
Allo na cewa tamanin, tamanin, tamanin,
minti huɗu cif, komai ya mutu.

Ashe batir ne ya tsufa a ƙarƙashin ƙafata,
masu gadi na can suna rigima a kan makulli,
ba wanda ya leƙa ya ga rumbun saura gwangwani guda.

Na yagi takarda, na rubuta huɗu da jan biro,
na manna a gefen allo.
Ita ba ta da manhaja.
Har yau ba mu yi musu ba.