Kube da Wando

Tun da ciwon suga ya cinye mini tumbi
wandona ke neman mai riƙe shi.
Na ƙara huda uku a bel da ƙusa mai zafi.
Adiza tana kallo daga bakin murhu,
ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙara mini miya.

Kuben baƙi ne, na roba mai tauri,
da harshe mai faɗi kamar bakin cebur.
Ka cusa harshen tsakanin fata da wando,
haƙoransa su ciji bel ta ƙasa.
Sufeto Opoku, da yana koya mana, cewa yake:
kube ya zauna, bindiga ta tashi,
ƙarshen karatu ke nan.
Lokacin ina da ƙugu irin na mahauta.

Shekara goma sha tara ina farin kaya.
Yanzu, bayan isha'i, a ɗakina na Aboabo,
nakan zare harsashi, in jera su kan faranti,
in duba ciki sau biyu, in tsaya gaban madubin kwaba.
In ja a miƙe, wando ya biyo ni har haƙarƙari.
In ja a karkace, ta kafe kamar jakin da ya ga rafi.
Ran Juma'a kuwa kaftani ke shiga tsakani,
hannu ya yi ta lalube cikin shadda
kamar mai neman canji a tirotiro.

Daren Talata, bayan Alaba,
ruwa na dukan kwano har ba ka jin kanka.
An ce mai sace babura zai biyo ta lungun masu goro.
Ga wani nan, dogo, hula ta rufe goshi.
Na ce tsaya.
Ya tsaya.
Sai hannunsa ya nufi aljihu.

Na ja.

Ta fito, amma da gidanta ta fito,
kamar kunkurun da aka ɗaga daga ƙasa.
Kunama a rufe, baki a rufe,
harshen robar yana reto a iska,
wandona ya sauka rabin ɗuwawu.
Daƙiƙa biyu, ko uku.
Na ji ɗanɗanon ƙarfe a maƙogwaro,
na tuna ban biya kuɗin makarantar Memuna ba.

Abin da ya zaro
leda ce, an naɗe katin asibitin Manhiya a ciki,
sunan uwarsa a kai, ruwa ya fara cin tawadar.
Ya miƙo da hannu biyu, yana rawar ɗari.
Sunansa Gariba. Ɗinkin katifa yake yi a Asawase.
Ya dubi abin da ke hannuna,
ya dubi wandona,
ya kau da kai, don kunya irin ta ɗan mutunci.

A rahoto na rubuta: ba a samu kowa ba.

Da safe na kai wando uku wurin Baba Tijani tela,
ya rage inci biyu-biyu, yana tambaya ko azumi nake.
Na sayi bel mai kauri a Kejetiya, sidi tamanin,
na sassauta ƙusar kuben da rabin juyi.
Yanzu kube na zaune, bindiga na tashi,
sumul, ko gardama babu.
Sau ashirin a jere jiya, ban kuskure ba.

Adiza ta ce, to ai ka huta.
Na ce haka ne.
Na mayar da harsashi, ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Kokon da ta dama mini ya huce a kan tebur,
ni kuwa ina zaune bakin gado
ina ƙirga tsawon daƙiƙa biyu
da yatsan da ke jan kunama.