Famfon Garin Malam

Kwana huɗu famfonmu bai ce uffan ba.
Asubar Laraba ya yi tari, ya yi kaki,
sai ga ruwa kamar an biyo shi da bulala.
Inna Tsahara ta cika bido bakwai.
Barira, da katanga kaɗai ta raba mu,
biyu ta samu, da rabin tulu.
Bututu ɗaya ne fa.

Ni ina gefe da takarduna
ina bin sawun ƙwayar gado.
Ita ma ba ta gudu irin na ƙorama.
Shiru, shiru, sai ta ɓalle baki,
ta watso saƙo rututu, ta ja ƙofa.
Ƙwayoyi biyu, uwa ɗaya, akushi ɗaya,
wannan maƙil da furotin, waccan wayam.

Na raɗa mata lambobi biyu:
saurin buɗewa, saurin rufewa.
Na sa na'ura jefa ƙuri'a sau dubu goma,
wuta ta ɗauke a na dubu shida.
Abin da ya fito tudu ne mai doguwar wutsiya.

Inna ta leƙo: "Ke 'yar jami'a, yaushe zai dawo?"
Na ce, a matsakaici, kwana uku.
Ta ce duk faɗin Damagaram
matsakaici bai taɓa tuƙa wa kowa tuwo ba.

Gaskiyarta.
Lissafina ya san tsawon jira, bai san ranar ba.
Na bar famfon a buɗe na kwanta,
duwatsun Birni na huce zafin yini,
kunnena ɗaya a tsakar gida.