Kujeru Ashirin da Biyu

Bara yara arba'in da huɗu nake koyarwa,
numfashinsu ke ɗumama ɗakin
idan sanyin El Alto ya sauko daga duwatsu.
Sunayensu na sani, muryoyinsu kuwa sai ƙalilan.

Bana hukuma ta raba su biyu.
Cikin sati uku na gano
ba taurin kai ne da Nayra ba,
allon ne ba ta gani.
Shekara guda ina yi mata faɗa.
Wilber kuma ashe in'ina gare shi,
shi ya sa ya maƙale a bencin ƙarshe.

Sabon ajin bai faɗo daga sama ba.
Ɗakin kiɗa aka share,
aka cusa sarewa da ganguna cikin kwali,
aka ce wa Malam Anselmo kasafi bai kai kansa ba.
Jiya na gan shi a kasuwa, yana sayar da batir da safa.
Ya tambaye ni Wilber.
"Yaron nan," in ji shi,
"in yana waƙa harshensa ba ya sarƙewa."

Ban taɓa sani ba.
Na dawo na ƙirga kujeruna.
Ɗakin ya yi fili,
yara ba su cire rigunan sanyi ba.